Tsibirin da Taswira Ta Manta

A taswirar da ke bangon ajina
shuɗin zare kawai aka ja, aka ce ga Kogin Kaduna.
Babu ko ɗigon tawada a inda Inna Tambai ke shuka albasa.

Amma yana nan.
Ka sauka ta bayan Kabala, ka bi sawun tifofin yashi,
ka kira Jatau sau biyu, kunnensa ɗaya ya mutu,
ka miƙa ɗari biyu, ka zauna tsakiyar kwalekwale,
kada ka ce za ka taya shi tuƙi.

Tsawonsa kira ɗaya ne: ka ɗaga murya a kai, na wutsiya ya amsa.
Faɗinsa jifa biyu na yaro mai ƙarfi.
Gabas baƙin dutse ne, mai santsi kamar bayan tarwaɗa,
shi ke tarar ruwa da ƙirji.
Yamma rairayi ne zalla,
kogi ya ƙara masa taku goma bana, baɗi ya karɓe abinsa.
Tudu mafi tsawo a ƙasar nan suri ne,
daga kansa ana hango gada da hayaƙin matatar mai.

Arzikin ƙasa kuwa, ga shi:
Inna Tambai tana da kwami arba'in da bakwai,
alayyafo, latas, yakuwa, tattasai mai jan ido.
Kafin asuba kwandunanta sun haye,
kafin hantsi an ƙare ciniki a Bakin Dogo.
Ndagi yana da birgi ɗaya da gura shida,
ranar sa'a karfasa, ranar tsiya ƙaguwa da tsohon silifa.
Samarin yashi suna nutso da bokiti,
su fito idanu ja, leɓɓa fari.
Rabin benayen Barnawa daga ƙarƙashin ƙafarsu aka kwashe su,
su kuma har yau haya suke.

Mai karɓar haraji ya zo sau ɗaya.
Taɓo ya riƙe masa takalmin hagu.
Har yanzu yana can, kwaɗi sun mai da shi gida.

Sauran 'yan ƙasa ba sa biyan Jatau ko sisi.
Zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi.
Tsari ya shanya cikinsa a kan dutse,
ya sace ƙwan zakaran ƙeƙuwa, a kwana ana ƙara.
Da magariba balbelu su sauko kan giginya ɗaya tilo
har ta koma tsohuwa mai furfura,
jemagu kuma su karɓi aikin dare.
Kadan da gari ya ci sunansa fa?
Jatau ya rantse ya ga idanunsa shekaran bara.
Ndagi ya ce kwalabe biyu ne ke iyo.

Ranar da shamuwa ta iso, Inna Tambai ba ta cewa komai.
Ta fara tuge turaku, ta naɗe tiyo,
a ɗora injin ban ruwa a kwalekwale kamar mara lafiya.
Watan Agusta ruwa ya zo ja wur, ɗauke da ledojin gari,
ya haɗiye dutse, ya haɗiye suri.
Daga kan gada kan giginya kaɗai ake gani,
yana girgiza, kamar wanda ya ƙi yarda da hukunci.

Ruwa ya ja, sai ga ƙasa ta fito da sabuwar fuska, baƙa, mai maiƙo.
Inna ta tattare zane, ta auna da tafin ƙafarta,
ta ce bana kwami hamsin ne, kogi ya biya kuɗin haya.

Jiya na ɗauki biro na ɗiga a tsakiyar shuɗin zaren.
Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu:
Malam, ƙuda ya ɓata taswira.
Na ce, bar shi, Kuluwa,
albasar miyarku ta daren jiya a nan aka haife ta.