Direban da Ba Ya Shan Shayi

Abin bai kai ɗan yatsana tsawo ba.
Sa'adatu ce ta aiko shi daga bakin teku
cikin ambulan ɗaya da maganin gwiwar Baba.
Ta ce, soka shi a kuiɓin kwamfutar,
zai kamo maka intanet daga iska.

Na soka.
Kwamfuta ta yi gyaran murya sau ɗaya,
ta rubuto: babu direba.

Baba na bakin ƙofa da kofin gahawa.
Shekara talatin da ɗaya yana jan lodin riɗi
daga Gadarif zuwa Fot Sudan.
Ya ce, wa ya ce babu direba a gidan nan?

Akwai ɗan faifai a kwalin,
faɗinsa kamar murfin gwangwanin tumatir,
amma aljihun faifan ya ƙi fitowa tun bara,
tun ranar da Mujtaba ya mai da shi mazaunin kofi.
To, ga inda gizo ke saƙar:
sai an hau intanet a samo direba,
sai da direba a hau intanet.
Makulli na cikin ɗaki, ɗaki na kulle.

Na buɗe jerin kayan cikinta.
Kowa da sunansa, kowa da aikinsa,
sai baƙon nan shi kaɗai,
ɗauke da alama ruwan ɗorawa a goshi,
an rubuta masa: ba a san shi ba.
Na tono lambarsa, huɗu da huɗu,
na kwafe a bayan rasiɗin buhu goma sha tara.

Wayata ba ta kamawa sai a saman soro,
kusa da tankin ruwa, ina fuskantar dutse.
Can na tsaya har rana ta ci ƙeyata.
Fayil ɗin farko na sittin da huɗu ne,
tsohuwata kuwa talatin da biyu take ci.
Baba ya ce, ka sayo taya ba ka duba wili ba.

Na sake hawa. Na sake saukowa.
Na haɗa waya da kwamfuta da igiyar caji,
koren layi ya fara rarrafe,
ya kai tamanin cikin ɗari,
wuta ta ɗauke.

Muka zauna a duhu.
Ya ba ni labarin daren da ya kwana a hanyar Kassala
da karyayyen gindin mota,
da yadda ya ɗaure shi da igiyar raƙumi.
Na sha jinsa. Na bar shi ya kai ƙarshe.

Bayan isha'i fanka ta motsa.
Gaba. Gaba. Na yarda,
ban karanta abin da na yarda da shi ba.
Ta ce a kashe ta a tayar.
Na kashe, na ƙirga numfashina, na tayar.

Wata shuɗiyar wuta, ƙarama kamar ƙwayar riɗi,
ta ƙifta.
Sai ga unguwarmu a jere:
Kantin Attayyib,
Gidan Ummu Salama,
da wani da ya sa wa nasa Kar Ka Roƙa.
Attayyib ya raɗa min kalmar sirri ta kan katanga,
kuɗin wata kuma mu raba biyu.

Fuskar Sa'adatu ta zo a kakkarye,
ta haɗu, ta yi dariya.
Baba ya matso da tabarma.
Ya ce, ina direban?
Na ce, yana ciki, ba a ganinsa.
Ba ya tsayawa shan shayi?
Ba ya tsayawa.
Awa nawa daga nan zuwa teku?
Ƙiftawa da bismillah, Baba.

Ya yi shiru.
Ya ce, ni kwana biyu nake yi.
Sannan ya ɗora yatsa a kan abin,
ya ji ɗuminsa,
ya ce, injin ya yi zafi, yaro.
Ku gama gaisawa, a bar shi ya huta.