Ƙaura Zuwa Sabon Aji

A ofishin ƙungiyar manoman Auyo,
ɗaki ɗaya, benci biyu, batirin sola na nishi,
na zauna kwashe mutum dubu da ɗari uku
daga tsohon aji zuwa sabo.

Tsohon ajin mai sauƙin kai ne:
suna, gona, sai wani faffaɗan gurbi
da wanda na gada ya kira "ƙarin bayani",
inda ake juye duk abin da baki ya faɗa.

Sabon da aka aiko daga Dutse ɗan ƙa'ida ne.
Yana son ranar haihuwa, da wata, da shekara.
Yana son kadada da ɗigonta.
Ba ya karɓar "kamar", ba ya jin "wajen".

Na gina musu 'yar gada, layi arba'in,
na danna.
Suka shiga hayewa ɗaya bayan ɗaya
kamar awaki a kwalbatin bakin kasuwa,
har lissafi ya kai saura mutum guda.
Allo ya yi ja a kan Baba Nomau.

Haihuwa: shekarar da fara ta cinye gero.
Gona: daga tsamiyar Ɗantani
zuwa inda ruwa ke tsayawa in damina ta yi kirki.
Ƙarin bayani: rabin gabas na ƙanwarsa Tambai ne,
amana ce, babu takarda.

Manhaja ta ce wannan ba lamba ba ce.
Gaskiyarta.

Da sauƙi in manna masa ɗaya ga Janairu
kamar yadda ake yi wa duk wanda ba a rubuta ranarsa ba,
in yanka masa kadada biyu, in share saura,
in kama motar Haɗeja kafin magariba.
To Tambai fa?
Sabon aji ba shi da gurbin amana.
In na share ta yau, nan da shekara goma
jikoki za su buɗe kwamfuta su ce: ga shi, ba ta ciki.

Na ji direba yana ta danna ham a bakin titi.
Na buɗe cikin ajin da aka ce kar a taɓa,
na ƙara masa layi guda,
na sa masa suna "abin da aka zo da shi".

Baba Nomau ya haye
da fararsa, da tsamiyarsa, da ƙanwarsa.

Mota ta tafi. Caji saura huɗu.
Gobe Dutse za su bugo su tambayi wa ya ba ni izini.
Yau dai gidan Inna Uwale zan kwana,
in ta bar min sauran tuwo.