Rumfa ta Biyu, Ƙarfe Ukun Dare

A nan kudancin Brazil, Yuli ne watan sanyi.
Raɓa kan daskare bisa tuddan Chapecó,
ni kuwa, Ivanir, nakan kashe fitila
in tsaya tsakiyar talotalo dubu shida
in ba kunne aikin ido.

Mahaifina ne ya koya mini:
garke mai lafiya numfashinsa ɗaya ne,
kamar yayyafi kan kwanon maƙwabci.
Daren Talata aka tsinka mini zaren.
Atishawa guda, can wajen mashaya ta tara.
Wata ta amsa daga jikin bango.
Kafin in ƙirga goma
ƙirji ɗari na kurkurar ruwan da ba su sha ba.

Gari ya waye da kumfa a gefen idanu,
fuska ta kumbura har ido ya ɓace ciki,
gashin kafaɗa ya dafe da majina
inda suke goge hanci, tun da ba su da ƙyalle.
Abinci na nan yadda na zuba shi.
Agogon ruwa ya ƙi tafiya.

Likita Claudete ta iso da hantsi,
ta tsoma takalmi a ruwan magani,
ta durƙusa daidai tsayin tsuntsu, ta shaƙa.
Hawaye suka zubo mata, warin kashi ya yi yaji.
"Tun yaushe labulen nan ke rufe?"
Na dubi ƙasa.
Itacen murhu ya yi tsada bana.
Na tsare musu ɗumi, na hana su iska,
kwana tara.

A bayan motarta ta farke guda biyar.
Ta ce jakunkunan iskar jikin tsuntsu
garai suke, kamar kumfar sabulu,
har ka hango hanta ta cikinsu.
Waɗannan sun dushe, sun yi kauri,
rawaya-rawaya kamar cukun da ya kwana.
Ta dangwala auduga, ta rufe a kwalba,
ta rubuta sunana a jiki
kamar ni ce marar lafiyar.

Ranar Juma'a sakamako ya zo.
Ƙwayar cuta biyu: ta farko mai dogon suna
wadda na rubuta a kalanda ba daidai ba,
ta biyun 'yar gida ce, cikin shimfiɗa take kwana,
jira kawai take bango ya tsage.

Magani cikin ruwa, kwana biyar.
Na ɗage labule, na sayo itace bashi.
Kowace asuba ni da baro:
arba'in da ɗaya,
sittin da uku,
tamanin, ranar da ban karya ba,
sannan ashirin da takwas.
An ce sabo da kaza ba ya hana yanka,
na sani, don teburin Kirsimeti nake kiwonsu.
Amma wanda ya mutu yana neman iska
nauyinsa dabam ne a hannu.

Dona Neusa, mai kaji dubu ashirin a bayan tudu,
ta daina shigowa.
Ƙoƙon shayin da muke zagayawa shekara sha biyu
yanzu kowa da nasa.
Daga bakin shinge take ɗaga murya:
"Iska ta ina take kaɗawa yau?"
Ban ji haushi ba. Da ni ce, haka zan tambaya.

Kamfani zai auna abin da ya rage,
ya cire na magani, ya cire waɗanda mahauta suka ƙi.
Ragowar ba za ta sayi fanka sabuwa ba,
sai dai a ɗaure tsohuwar da waya.

Daren jiya na sake kashe fitila.
Sanyi na shigowa ta ƙasan labule, na bar shi.
Yayyafin ya dawo, siriri, da giɓi nan da can.
Na daɗe tsaye.
Sai tari guda ya tashi, kusa ƙwarai,
gabana ya faɗi, na laluba fitila,
kafin in gane
daga ƙirjina ya fito.