Jar Akuya a Bayan Gilashi

Kwana goma sha tara ina gina akuya
da yumɓun da ba ya ɓata farce.
Ja ce, irin tamu ta Maraɗi,
na ja mata ƙaho, na lotsa kwiɓi,
na bi gashin wuyanta sili-sili
da alƙalamin da ya san nauyin hannuna:
in na danna ya nutsa,
in na sassauta ya shafa kamar iska.
Saura kunnen hagu kaɗai.

Alhaji Barmo na masu fata
ya ba da jika talatin kafin alƙalami,
yana son ta a zubin tagulla, a ƙofar shagonsa.

Daren Talata, kuran ya dawo Bagalam,
kwamfuta ta ce: akwai sabon tsari, a sa?
Ina gyangyaɗi na ce a sa.
Yatsa ɗaya. Ko bisimilla ban yi ba.

Da safe gidan ya sake.
An share tsakar gida, an sauya ƙofofi,
komai sumul, har da sabuwar gaisuwa.
Na ƙwanƙwasa wa manhajar sassaƙata,
ta leƙo, ta yi fari, ta koma.
Na sake. Ta sake.
Karo na bakwai ta buɗe don kunya,
sai ga alƙalami ya zama ƙusa:
dannawa da shafawa duk ɗaya gare shi,
ya huda min cinyar akuya
kamar ba mu taɓa kwana tare ba.

Na hau kabu-kabu zuwa wurin Nomau mai gyara.
Ya karanta, ya tsotsi haƙori.
Ya ce, sabon tsarin bai san yarenta ba,
ita kuma ba ta koyi nasa ba tukuna.
Masu ita sun ce faci na tafe.
Yaushe?
Ya ɗaga kafaɗa: sun ce nan gaba kaɗan.
To a mai da ni tsohon.
Ka ajiye kwafi kafin ka hau?
Na dubi silin. Shi ma ya dubi silin.

Barmo ya kira sau uku. Na kife wayar.

Jumma'a na tafi Jiratawa
ba don komai ba, don in ɓace.
Na iske Inna Gwamma, yayar tsohona,
tana daka fasassun tukwane a turmi.
Na ce, Inna, abin da ya mutu kike wa wahala?
Ba ta ɗago ba.
Ta ce, sabuwar ƙasa ita kaɗai gardama gare ta,
in ba ka zuba mata garin tsohon kasko ba
wuta na taɓa ta za ta tsage.
Miƙo min rariya.

Na miƙa. Na so in ce
a faɗa wa mutanen can da ke gina tsari,
amma da wace lamba zan kira su?

Ta gutsuro min curi, mai sanyi, mai wari.
Na zauna kan buhu na fara kunne,
kunnen hagu, shi kaɗai.
Babban yatsana na ta laluben
maɓallin nan na komawa baya.
Babu. Abin da ka lotsa ya lotsu.
Inna ta duba ta ce, wannan na zomo ne.

Yau kwana shida.
Kowace asuba ina duba ko facin ya iso.
Akuya na can bayan gilashi, da hudajjiyar cinya,
kunnenta na nan kan tagata yana bushewa,
ya ɗan fi ta girma,
kuma wayar Barmo ce ke ƙara yanzu haka.