Takalman Saturnino

A Wilakala, can saman duwatsun Bolibiya,
garin da ramin kuza ke cin maza,
akwai wata mace, Eleuteria Choquevillca,
mai sayar da romon gyaɗa a bakin tasha.
In tukunya ta yi ƙasa sai ta goge hannu,
ta ɗauko ɗan molonta mai tsirkiya goma,
caranggo muke ce masa, bai fi jinjiri girma ba,
ta rungume shi a ƙirji, ta lumshe ido ɗaya.

Ko sunanta ba ta iya rubutawa.
A ka take adana waƙa,
yadda iyayenmu ke busar da dankali a ƙanƙara
don ranar da gona za ta juya mana baya.

Ina ɗan sha ɗaya rami ya rufta da babana.
Uwata ta sayar da takalmansa ta sayi kananzir,
cikin dare ta yi cinikin, kada maƙwabta su gani.
Wata bai zagayo ba na ji su a tasha,
takalman nan, a bakin Eleuteria.
Ba ta ambaci rami ba, ba ta zagi kamfani ba,
kalmar mutuwa ko sau ɗaya ba ta fito ba.
Cewa ta yi wasu takalma na yawo a gari
a ƙafar da ba tasu ba,
kullum magariba sai su ja su tsaya a wata ƙofa,
don sun saba.

Kunya ta kama ni, na jefi tukunyarta da dutse.
Ba ta daka min tsawa ba.
Ta zuba min romo, ta ce, “Ɗan Saturnino, zauna.
Wane layi ne ƙarya? Faɗa min, yanzu in cire.”
Na sha romon ina nema.
Yau shekara arba'in da ɗoriya, ban samo ba.

Na girma na zama direba a hanyar Oruro.
Kaset ɗaya gare ta a duniya,
wani malamin makaranta ya ɗauka a tsakar gida;
akwai haushin kare a ciki, akwai tarinta,
akwai inda ta manta baiti ta yi dariya.
Sau uku zaren na tsinkewa ina liƙewa,
har rediyon motar ya haɗiye shi a wata kwana.

Ranar da ta cika ana ruwa.
Jarida ba ta ji ba, mu shida muka ɗauke ta.
Duk Nuwamba, ranar da muke shimfiɗa wa matattu tebur,
ina ajiye burodi biyu: na babana, da nata,
da kwanon romo wanda bai taɓa kamo nata daɗi ba.

Makon jiya wata ɗaliba a kujerar baya,
kanta jingine da gilashi, tana rerawa ƙasa-ƙasa.
Tsigar jikina ta tashi. Na rage gudu.
Na ce, “'Yata, waƙar wa ce wannan?”
Ta ce, “Ta dā ce, Baba. Ba ta da mai ita.
Kakata ke yi in tana kaɗi.”

Sunan ya zo min har bakin leɓe.
Sai na tuna mai romon, da idonta ɗaya a rufe;
na san da ta ji, da ta tafa hannu ta ce,
gishiri in ya ji miya ai ba a ganin sa.

Na mayar da ido kan titi.
Amma yarinyar ta ce baƙaƙen takalma,
nan kam na kasa haƙura.
Na ce, “Jajaye ne. Na hagun ya ɗan fashe a gaba.”
Ta dube ni ta madubi, ta yi shiru,
sannan ta koma farko, ta gyara.