Daidai Ruwa, Daidai Gari

A tsibirin Graciosa, can tsakiyar teku,
daren Asabar, iska na jijjiga tagogin zauren gari.
Kujera tamanin, an zauna a saba'in da uku.
Abílio Quadros zai busa baƙar sarewarsa karo na ƙarshe.
Shekara hamsin da shida yana cikin masu busa,
yanzu yatsu sun fara yi masa gardama.

Ƙaninsa Amaro na Toronto, gado na huɗu daga ƙofar asibiti,
wata nas ta jingina masa waya da kofin ruwa.
Dominsa ake watsa wannan dare.
Sauran masu kallo sha ɗaya ne.

Delfina, jikar Abílio, tana bayan zaure,
kwamfuta kan teburin sayar da tikiti,
kamarar aro, doguwar waya manne da salatif.
Ta sa bitiret dubu shida,
tana so a ga kowace tamoji a goshin kakanta,
a ga maɓallan azurfa, a ga zufa.

Minti biyu ba su cika ba
ɗigon kore ya koma ja.
Saƙon nas ya shigo: "Ya daskare da baki buɗe,
da'ira ce kawai ke juyawa kan hancinsa."

Ta zargi kamara. Kamara ba ta ci ba, ba ta sha ba.
Ta zare waya, ta hura bakinta, ta mayar.
Ta roƙi yaran layin baya su sauka daga intanet ɗin zaure,
biyu suka sauka, na uku ya yi kunnen uwar shegu.
Sai ta auna hanyar fita:
dubu uku da ƙyar, in iska ta taso ma ba ta kai ba.

Ashe tulu take juyewa a bakin kwalba.
Abin da ya shiga ya shiga, saura na malala a ƙasa,
firam bayan firam, ɗari huɗu sun zube,
kwamfuta na ƙirga mata su ba kunya.

Bitiret awo ne:
mudu nawa za ka ɗora wa daƙiƙa ɗaya
ta kai wancan gaɓa ba ta durƙusa ba.
Ka lafta mata, ta zubar a hanya.
Ka tsuke hannu, fuska ta yi dabbare-dabbare
kamar bangon da damshi ya ci.

Ta katse, ta sake ɗaurawa da dubu biyu da ɗari biyar.
Ja ya koma ruwan ɗorawa.
Iska ta ƙara dukan taga. Ja kuma.
Saura waƙa ɗaya,
wadda uwarsu ke rerawa in tana ɗinkin koma a bakin ƙofa.

Yatsanta ya tsaya a sama.
Hoto da sauti kwalekwale ɗaya suka hau,
kwalekwalen kuwa yana shan ruwa.
Kayan wa za a zubar?

Sai ta tuna Amaro na da yanar ido.
Ko dubu goma ta aika, dishi-dishi zai gani.
Amma kunnensa, an ce, har takun likita yake bambancewa.

Ta zabge hoto zuwa ɗari takwas, ta ƙanƙance faɗinsa,
ta bar wa sauti ɗari da sittin ɗinsa cif.
Kore.
Ta jira. Kore dai.

A allo kakanta ya zama inuwa mai farar riga,
ba tamoji, ba azurfa.
Amma numfashin da ya ja kafin busa ta farko
ya haye tekun bai jiƙe ba,
har da ɗan ƙas-ƙas na maɓallin da bai taɓa gyarawa ba.

Wayarta ta yi motsi a kan tebur.
"Yana bin waƙar da yatsa kan bargo.
Ya ce a gaya wa yayansa ya yi saurin shiga,
kamar kullum."

Delfina ta toshe baki da hannun riga
kada dariyarta ta faɗa cikin makirufo.
A ƙasan allo, lissafin firam da suka zube
ya tsaya a ɗari shida da goma sha biyu,
bai ƙara motsi ba har aka tashi tafi.