Takardar da ke Bangon Ohaj

A shagon Ohaj mai gahawa, bayan tashar mota,
akwai wata takarda kafe da ƙusa huɗu.
Ɗaya ta yi tsatsa, ta zubo jan hawaye.
Rana ta lashe shuɗin teku, ta bar toka-toka.
A sama, da manyan baƙaƙe, Larabci da Turanci:
Ku zo Sawakin.

To, ga ni na zo.

A takardar gidaje na tsaye hawa uku,
farare sol kamar an wanke su da nono.
Tagogin katako sun turo ƙirji kan titi,
an sassaƙa su ƙofa-ƙofa
don mai ciki ya ga na waje, na waje ya yi ta zato.

Na tsallaka tsibirin ina neman gidan da ke tsakiya.
Tulin duwatsun murjani na tarar,
da kuliyoyi uku suna shan hantsi
a kan wata matakala
da ke hawa, hawa, ta miƙa ka ga iska.

Na dawo da ƙishi.
Ohaj ya tsiyaya mai citta a finjali,
ya ɗora yatsa can ƙasa, kusurwar hagu,
inda mai ɗaukar hoton bai nufa ba:
wani mutum da jaki da salka biyu,
rabin fuskarsa ya faɗa wajen takarda.

Ya ce, naku ne wannan. Tanko mai ruwa.
Da ƙafa ya taso daga Kazaure, Makka ya nufa.
Guzuri ya ƙare a nan,
teku kuwa ba ta ba da bashi.
Shekara goma sha tara yana shayar da masu tsallakawa.

Na ce, shi fa, ya tsallaka?
Ohaj ya fifita gawayi.
Ya sake fifitawa.

An buga takardar nan don a yabi gini,
ginin ya durƙusa.
Ba a rubuta sunan Tanko ba, ba a ce ya tsaya ba,
wucewa yake yi aka kama shi.
Na matso har numfashina ya taɓa bangon:
ƙarƙashin salkar hagu akwai ɗan baƙin tabo
inda ruwa ya ɗiga a ƙasa ran nan,
har yau bai bushe ba.